Yadda Za Ka Zaɓi Amfilifayar Hedifon ta Farko da Matsakaicin Kuɗi

Amfilifayar hedifon ƙaramar na'ura ce da ake sakawa tsakanin abin da ke fitar da sauti, wato waya ko kwamfuta, da hedifon ɗin da mutum ya ɗora a kunnensa. Aikinta shi ne ta karɓi sauti mai rauni ta ƙara masa ƙarfin wuta daidai yadda hedifon yake buƙata, ba tare da ta gurɓata shi ko ta canza masa kama ba. Ta bambanta da amfilifayar masallaci ko ta masu kiɗan biki, wadda ke tura wat ɗari ko fiye cikin manyan lasifikoki, domin ita wannan da miliwat take aiki, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, tunda lasifikar da take motsawa tana manne da kunne.

Mafi yawan masu sayen ta farko suna fara bincike ne daga sunayen kamfanoni da yabon da suka ji a YouTube, sai daga baya su tuna da hedifon ɗin da za su jona mata. Ni a ganina hanyar a juye take. Hedifon ɗinka da irin wutar da ke soket ɗin ɗakinka su ne za su gaya maka abin da ya dace ka saya, kuma idan ka saurare su za ka ga cewa kuɗin da ake buƙata bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Mataki na farko: ka tabbatar kana buƙatarta

Duk waya ko kwamfutar da ke da ramin hedifon tana ɗauke da 'yar amfilifaya a cikinta, don haka tambayar ita ce ko wadda kake da ita ta gaza. Idan hedifon ɗinka na Bluetooth ne, maganar ta ƙare a nan, domin amfilifayarsa da batirinsa suna cikin jikinsa, kuma babu wata na'ura ta waje da za ta ƙara masa komai muddin ba ta kebul yake karɓar sauti ba. Haka nan iyafis ɗin da ake cusawa a kunne, wanda yawancinsa kowace waya mai rami, irin Tecno da Infinix da itel, tana iya kai shi ƙarar da ta fi ƙarfin kunne.

Akwai alamomi da ke nuna gazawa ta gaskiya. Ka kai ƙara ƙarshe amma har yanzu kana jin sautin a nesa. Ko kuma ƙarar ta isa, sai dai duk lokacin da ganga ta daka ko murya ta ɗaga sai sautin ya fashe yana karcewa. Ko kana jin wani “shuuu” ko tsuwwa a bayan sauti, musamman a kwamfutar tebur idan kana motsa linzami. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilin ci gaba da karatu. Wanda kuwa damuwarsa ita ce sautin hedifon ɗinsa bai yi masa daɗi ba, bes ya yi yawa ko siririn sauti yana sukar kunne, to ya sani amfilifaya mai kyau ba za ta gyara wannan ba, za ta ƙara masa ƙarfi ne kawai a yadda yake. Maganinsa sauya hedifon, ko daidaita sauti da manhajar ikwalaiza. Shi ya sa nake ba da shawarar kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi ga hedifon, amfilifaya ta ɗauki abin da ya rage.

Mataki na biyu: lambobi biyu da ke jikin kwalin hedifon

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma ba ya buƙatar komai sai kalkuletar waya.

Lamba ta farko ita ce turjiya, wadda ake aunawa da om, alamarta kuma Ω. Tana nuna yadda hedifon ke tirje wa wutar da ake tura masa. Ka ɗauke ta kamar bututun ruwa: siririn bututu sai an ɗaga tanki sama sosai kafin ruwa ya fita da ƙarfi, faffaɗan bututu kuwa ba ya neman tsawon tanki, amma yana kwashe ruwa da yawa. Hedifon mai turjiya babba yana neman bolt mai yawa, mai turjiya ƙarama kuma yana zuƙar wuta da yawa. Iyafis galibi yana tsakanin om 16 da 32. Audio-Technica ATH-M50x om 38 ne, Sony MDR-7506 da aka daɗe ana gani a gidajen rediyo om 63 ne, Beyerdynamic DT 770 Pro kuma yana zuwa kala uku, om 32 da 80 da 250. Sennheiser HD 600 da HD 650 kowannensu om 300 ne.

Lamba ta biyu ita ce kaifin amsawa, wato yawan ƙarar da hedifon ke bayarwa idan aka ba shi ƙayyadadden ƙarfi. Ana rubuta ta da desibel, kuma a nan ake yawan ruɗewa, domin wasu kamfanoni suna rubuta dB/mW, ƙarar da miliwat ɗaya ke bayarwa, wasu kuma dB/V, ƙarar da bolt ɗaya ke bayarwa. Ma'auni biyu ne mabambanta, ba a kwatanta lambar wannan da ta wancan kai tsaye. Mutane da yawa suna duba turjiya kaɗai su yanke hukunci, alhali kaifin amsawa ya fi ta tasiri wajen sanin ko hedifon zai wahalar da na'ura.

Abin da ake nema shi ne amfilifaya ta iya kai hedifon desibel 110 ba tare da sautin ya fashe ba. Babu wanda zai zauna yana sauraro a wannan ƙarar. Sarari ne ake barin wa sauti, saboda dukan ganga ko ɗagawar murya na iya haura matsakaicin ƙarar da desibel 10 zuwa 20 na ɗan ƙiftawar ido, kuma idan na'ura ba ta da wannan sararin sai ta datse kan sautin. Ƙa'idar lissafin mai sauƙi ce: ƙarin desibel 3 yana neman a ninka miliwat sau biyu, ƙarin desibel 10 yana neman a ninka shi sau goma, ƙarin desibel 6 kuma yana neman a ninka bolt sau biyu.

Mu gwada da DT 770 Pro mai om 250, wanda kaifinsa desibel 96 ne a miliwat ɗaya. Miliwat 10 zai kai shi 106, miliwat 20 zai kai shi 109, kusan miliwat 25 kuma zai kai shi 110. Domin sanin bolt nawa ke nan, sai ka mayar da miliwat ɗin wat, wato 0.025, ka ninka da 250, ka samu 6.25, sannan ka danna alamar √ a kalkuleta, amsar ita ce bolt 2.5. Idan na'urarka bolt 1 take bayarwa, wannan hedifon zai tsaya a desibel 102, idan rabin bolt ce ya tsaya a 96, idan kuma bolt 2 ce ya kai 108. Ka ga ke nan waya kaɗai za ta bar shi da yunwa, amma ba ya neman wata gagarumar na'ura.

Yanzu ka yi irin wannan lissafin ga ATH-M50x, mai desibel 99 a miliwat ɗaya. Kusan miliwat 13 ya ishe shi, wanda a kan om 38 bai wuce bolt 0.7 ba. MDR-7506 mai desibel 106 bai ma kai haka ba, bolt 0.4 ya wadatar da shi. Masu waɗannan biyun, idan ba ƙazantar sauti ke damun su ba, su adana kuɗinsu. HD 650 kuwa kamfaninsa da bolt ya rubuta kaifinsa, desibel 103 a bolt ɗaya, don haka bolt 2 zai kai shi 109.

Akwai wani rukuni da ke yaudarar mai duba turjiya kaɗai, su ne hedifon masu shimfiɗaɗɗen maganaɗisu irin waɗanda kamfanin Hifiman ya shahara da su. HE400se, alal misali, turjiyarsa ƙarama ce, amma kaifinsa desibel 91 ne kacal, saboda haka yana neman kusan miliwat 80 kafin ya kai 110, ninki shida na abin da M50x ke nema. Sannan idan kana da niyyar ƙara bes da ikwalaiza, ka sa shi a lissafi, domin ɗaga bes da desibel 6 yana cin bolt ninki biyu. Wanda kuma mafi yawan sauraronsa karatun Alƙur'ani ne ko wa'azi ko shirye-shiryen magana, desibel 100 zuwa 105 ma sun ishe shi sarari.

Mataki na uku: abin da za ka duba a takardar amfilifaya

Da lambar da ka fitar a hannu, sai ka nemi bayanin ƙarfin amfilifayar. Kamfani mai gaskiya yana rubuta miliwat nawa take bayarwa a kan om nawa, misali wat 1 a om 32, da miliwat kaza a om 300. Ka duba layin da ya fi kusa da turjiyar hedifon ɗinka, domin na'urar da ke da ƙarfi a om 32 tana iya yin sanyi a om 300 idan bolt ɗinta kaɗan ne. Duk tallar da ta ce na'ura “tana ɗaukar om 16 zuwa 600” ba tare da ta faɗi miliwat ko bolt ba, ba ta gaya maka komai ba. Idan ƙarfin ya ninka buƙatarka sau biyu, ya isa har da ragi. Abin da ya wuce haka ba zai ƙara wa sauti kyau ba, sai dai ya sa abin murɗa ƙara ya yi maka wuyar sarrafawa.

Abu na biyu shi ne turjiyar mafitar amfilifayar kanta, wadda a takardun ake rubuta mata Output impedance. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon: om 4 ga hedifon mai 32, om 2 ga iyafis mai 16. Dalilin shi ne turjiyar yawancin hedifon ba a tsaye take ba, tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sauti. Ta HD 600, alal misali, tana haura om 500 a wajen bes. Idan turjiyar amfilifaya ta yi yawa, sai rabon wutar ya riƙa bin wannan hawa da sauka, bes ya kumbura ya rasa tsari. Wani injiniya da ya ɓoye sunansa, wanda aka sani da NwAvGuy, shi ne ya yayata wannan ƙa'ida a 2011, a shekarar da ya fitar da tsarin amfilifayarsa mai araha da ake kira Objective2, kuma tun daga wancan lokaci kamfanoni suka ƙara mayar da hankali wajen bayyana lambobinsu. Amfilifayoyin zamani masu kyau turjiyar mafitarsu om 1 ce ko ƙasa da haka. Ramin hedifon da ke jikin tsofaffin rediyoyi da manyan amfilifayoyin lasifika kuwa yakan kai om ɗari ko fiye, shi ya sa bai dace a dogara da shi ba.

Na uku shi ne makunnin da aka rubuta wa Gain, mai zaɓi tsakanin ƙaramin ƙari da babba. Yana da amfani ƙwarai ga mai hedifon fiye da ɗaya, domin a ƙaramin ƙari iyafis mai kaifi ba zai kwaso “shuuu” ba, kuma za ka samu damar murɗa ƙara zuwa tsakiya. Wannan na ƙarshen yana da dalili: abin murɗawa na gargajiya yakan sa kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara idan yana can ƙasa kusa da sifili.

Game da lambobin tsaftar sauti, irin su THD da SINAD, shafin Audio Science Review na Amir Majidimehr yana auna na'urori yana wallafa sakamako, kuma yana da amfani wajen tsame baragurbi. Sai dai kada tseren lambobi ya ja ka. Sanannun amfilifayoyi na dala ɗari a yau gurɓacewarsu tana ƙasa da abin da kunnen ɗan'adam ke iya kamawa, don haka biyan ƙarin kuɗi saboda sifili ɗaya a bayan ɗigo ba zai kai kunnenka ba.

Mataki na huɗu: wace iri, kuma da DAC ko babu

Sautin da ke cikin waya lambobi ne, kuma akwai ɓangaren da ke juya su su zama igiyar wuta da za a iya ji, shi ake kira DAC. Amfilifaya zalla ba ta da shi, tana karɓar sautin da aka riga aka juya ta ramukan RCA, ja da fari, ko ta kebul na milimita 3.5. Idan ƙazantar da ke damun ka daga kwamfutar take fitowa, amfilifaya zalla za ta ƙara wa ƙazantar ƙarfi tare da sautin. Saboda haka mai sayen farko ya fi samun sauƙi da na'urar da ta haɗa biyun, wadda ake jonawa ta USB, kebul ɗaya, magana ta ƙare.

Mafi araha ita ce 'yar adaftar USB-C mai DAC a ciki. Ta Apple, wadda ake sayarwa kusan dala 9 a Amurka, tana da tsaftar sauti abin mamaki, sai dai ka lura da abu biyu: ta kasuwar Amurka kusan bolt 1 take bayarwa, ta kasuwar Turai kuma kusan rabin haka, sannan a wayoyin Android da yawa ƙararta takan fito ƙasa da yadda take a na'urorin Apple. Sama da ita akwai adaftoci irin Moondrop Dawn Pro, mai kusan dala 50, wadda ke ba da bolt 2 a ramin 3.5 da bolt 4 a ramin 4.4. Idan ka koma lissafin da muka yi, za ka ga bolt 2 ya biya buƙatar mutane da yawa, har ma ya kusa cika ta masu om 250. Illarsu ita ce suna shan batirin waya.

Sai masu batirin kansu da ke karɓar sauti ta Bluetooth ko USB, irin Qudelix 5K na ƙasar Koriya ta Kudu da jerin BTR na kamfanin FiiO. Qudelix tana da ikwalaiza mai zurfi a cikinta, abin da a ganina ya fi sauya sauti a kunne fiye da kowane bambanci tsakanin amfilifaya da amfilifaya. Sun dace da mai yawan tafiya, amma batir yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa.

Na tebur su ne masu ƙarfi sosai. Schiit Magni ta fito a 2012 a kan dala 99, JDS Labs Atom kuma a 2018 a kan wannan farashin, tana ba da wat 1 a om 32. Dukansu na Amurka ne, kuma asalinsu amfilifaya ce zalla, haka ma Topping L30 ta ƙasar Sin. A ɓangaren masu haɗe da DAC akwai FiiO K5 Pro mai wat 1.5 a om 32, da ƙannenta K7 da K11, da Topping DX3 Pro+, galibi tsakanin dala 130 da 200. Akwai kuma na tebur ƙanana da ke shan wuta daga USB kaɗai, irin FiiO E10K da K3 da iFi Zen DAC. Na kawo farashin da dala ne saboda tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 lissafin naira ba ya daɗewa bai canza ba, kuma ka ɗauke su a matsayin kimantawa, ka duba na ranar da za ka saya.

Masu aikin situdiyo, ko na waƙa ko na ɗora murya, su fara gwada ramin hedifon da ke jikin na'urar ɗaukar sautinsu, irin Focusrite Scarlett, domin yakan wadatar da hedifon mai om 32 zuwa 80. Akwatunan raba sauti ga mutum huɗu, irin Behringer HA400, an yi su ne domin mawaƙa da yawa su ji lokaci guda, ba su ne ake nema domin tsaftar sauraro ba. Wanda kuma ke da MacBook Pro na 2021 ko wanda ya biyo bayansa ya sani raminsa yana kai bolt 3 ga hedifon mai om 150 zuwa sama, wato ya riga ya mallaki amfilifayar da yake nema. Ka kuma tuna cewa yawancin na tebur ba sa wucewa da makirfon, saboda haka idan kana amsa kira da hedifon ɗin, ka bincika wannan kafin ka biya.

Mataki na biyar: wutar da za ta ci

Masu sharhi na ƙasashen waje ba su cika tsayawa a wannan ba, amma a wurinmu shi ne ke raba na'urar da za ta shekara da wadda za ta ƙone ranar farko. Wutar gida a Nijeriya da Gana bolt 230 ce, ta Nijar 220, duka a kan hats 50, wato yawan kai-komon wutar a daƙiƙa ɗaya, ta Amurka kuwa bolt 120 ce a kan hats 60. Ka ɗauki adaftar wutar na'urar ka juya bayanta, ka karanta ƙananan rubutun. Idan ka ga 100–240V, adaftar mara nauyi ce irin ta cajar kwamfuta, za ta yi aiki a ko'ina, abin da za ka nema kawai shi ne bakin da zai shiga soket ɗinka, mai ƙafa uku a Nijeriya ko mai zagayayyun ƙafafu biyu a Nijar. Idan kuwa ka ji ta da nauyi a tafin hannu kamar dunƙulen ƙarfe, an rubuta mata 120V kaɗai, to taransifoma ce da aka naɗa domin wutar Amurka, kuma da zarar ta shiga soket ɗinmu za ta ƙone, wataƙila ta tafi da amfilifayar.

Magni da Atom da L30 duka da irin wannan taransifomar suke zuwa, kuma kamfanonin suna sayar da ta bolt 230 ga wanda ya zaɓe ta. Idan ɗan'uwa ne zai taho maka da ita daga Amurka, ka jaddada masa ya zaɓi ta 230 tun wurin oda. Kada kuma a ce za a musanya ta da kowace caja a kasuwa, domin waɗannan taransifomomin wutar AC suke fitarwa, cajojin da muka saba da su kuwa DC ne, ko da bakin ya shiga ba za ta yi aiki daidai ba. Ana iya amfani da taransifomar rage wuta, wadda masu kayan lantarki ke kira sitef-dawun, amma ƙarin kaya ne, kuma taransifomar da aka yi domin hats 60 takan fi ɗaukar zafi a kan hats 50.

Bayan haka sai halin wutar kanta. Lokacin da aka dawo da NEPA wuta takan zo da tsalle, ƙaramin janareta kuma ƙarfinsa yana hawa yana sauka duk lokacin da aka kunna wani abu mai nauyi. Inbata mai araha, wadda igiyar wutarta ba santsi gare ta ba, tana sa taransifoma ƙugi da zafi, kuma ƙugin yakan shiga har cikin hedifon. Idan wannan shi ne yanayin gidanka, shawarata ita ce ka zaɓi na'urar da ke shan wuta daga USB ko mai batirin kanta, ko da ƙarfinta bai kai na sauran ba, muddin ya cika lissafinka. Kwamfutar tafi-da-gidanka za ta zame mata garkuwa, kuma ɗauke wuta ba zai katse maka aiki ba. Idan lallai sai ta tebur mai cin wutar bango, ka sa kuɗin sitabilaiza da abin kare tsallen wuta a cikin kasafin, ka kuma saba da zare filogi idan aka ɗauke wuta ko hadari ya haɗu.

Mataki na shida: ramuka, da abubuwan da za ka bari sai gaba

Ramin milimita 3.5 da na 6.35 abu ɗaya suke yi, 'yar adafta ce ke haɗa su. Ramin 4.4 da na XLR mai ƙafa huɗu su ne ake kira balans, kuma amfaninsu a hedifon galibi ƙarin bolt ne, sai kuma hedifon ɗin yana da kebul da aka yi domin haka. Kada ka taɓa jona hedifon mai kan 3.5 na yau da kullum cikin ramin balans ta hanyar adafta, domin hakan yana haɗa layuka biyu da bai kamata su haɗu ba, yana iya lalata na'urar. Amfilifaya mai kwalaben gilashi da ke haske tana da masoya, amma da yawa daga cikinsu turjiyar mafitarsu babba ce, suna fitar da zafi, kwalaben kuma suna fashewa a hanya. A ɗakin da bazara ke kai zafinsa digiri 40, ba da ita zan fara ba. Kebul mai tsada ma haka, wanda aka haɗa da kyau ya isa.

Mataki na bakwai: saye da gwaji

A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, za ka samu adaftocin USB-C birjik, sai dai jabu ya yi yawa a cikinsu, wasu ma babu DAC a jikinsu, waya ce zalla da ba ta aiki sai a wasu tsirarun wayoyi. Na tebur kuwa galibi sai an yi oda, kuma kamfanonin ƙasar Sin irin FiiO da Topping da Moondrop suna da shagunansu na hukuma a AliExpress, wanda ya fi aminci a kan ɗan kasuwar da farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, musamman inda mayar da kaya zuwa ƙasar waje ke iya cin kuɗin da ya kusa na kayan. Ka lissafa kuɗin aiko da na kwastan tun farko.

Idan ta hannu ce za ka saya, ka tafi da hedifon ɗinka da sautin da ka sani sarai. Ka jona ba tare da ka kunna komai ba, ka murɗa ƙara a hankali kana sauraron ko akwai ƙugi ko “shuuu”. Ka murɗa sama da ƙasa ka ji ko yana ƙarar ƙasa-ƙasa kamar yashi ya shiga, alamar ƙura ko tsufa ke nan. Ka kunna murya guda a ƙaramar ƙara ka tabbatar tana tsakiyar kanka, ba ta karkata kunne ɗaya ba. Ka ɗan girgiza kan kebul a cikin rami ka ga ko sauti yana yankewa. Sannan ka bar ta a kunne na ɗan lokaci ka taɓa jikinta: ɗumi ba laifi ba ne, amma zafin da hannu ba zai iya jurewa ba dalili ne na fasawa.

Wurin kwatanta ta da wayarka, ka daidaita ƙarar biyun gwargwadon iko, domin kunne yana ɗaukar wanda ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da bambancin desibel ɗaya ne.

Mataki na takwas: haɗawa da amfani

Kafin ka jona hedifon ko ka zare shi, ka mayar da ƙara sifili, kuma kada ka kunna ko ka kashe na'urar hedifon yana kunnenka. Ka fara da ƙaramin Gain, sai idan ka kai abin murɗawa kusan ƙarshe bai isa ba sannan ka koma babba. Ƙarar kwamfuta ko waya ka bar ta a sama, ka riƙa sarrafawa daga amfilifayar. Windows 10 da 11 da Mac da Android suna gane yawancin waɗannan na'urori ba tare da an saka wata manhaja ba, illa dai a wasu wayoyin sai ka kunna OTG a saituna.

Tsaftataccen sauti yana da haɗarin da ya kamata a faɗa a fili: tunda ba ya fashewa, mutum ba ya jin ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraron babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato awa 10 a desibel 86, awa biyu da rabi a 92. Idan ka cire hedifon ka ji kunnenka yana tsuwwa ko ya toshe, ka wuce iyaka, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Idan bayan haɗawa ka ji ƙugi, ka fara da zare cajar kwamfutar. In ya ɗauke, matsalar daga wutar gida ce ko rashin layin ƙasa mai kyau a soket, sai ka jona kwamfutar da amfilifayar a soket guda, ko ka sa mai gyaran wuta ya duba ƙafa ta uku. In tsuwwar tana zuwa tana tafiya, ka nisanta waya daga na'urar, ka kuma sauya ramin USB. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa har mutum ya taɓa ƙarfe ya ji tartsatsi, ka taɓa ƙofar ƙarfe ko wani abu makamancin haka kafin ka kai hannu ga amfilifayar, domin wannan tartsatsin yana iya kashe ƙananan sassan da ke cikinta. Ka rufe ta da ƙyalle idan a kashe take saboda ƙura, amma ka ɗage shi duk lokacin da take aiki domin ta sha iska.